Darasi: Yaushe Ne Kwamiti Zai Sake Sayen Hatsi?

Karatu: Farawa 41:33-57, Matiyu 25:1-13

Manufar darasi: Kowane kwamitin bankin hatsi ya san yawan buhunan da bai kamata sito ya gaza su ba, ya kuma san ranar da zai tashi sayen wani hatsi tun na ciki bai ƙare ba.

Gabatarwa

Wannan darasi na kwamitocin bankin hatsi ne na ikkilisiyoyinmu da ke ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Amma muna roƙon fastoci da masu bishara su sa a karanta shi a gaban dukan jama'a, domin hatsin da ke cikin sito na jama'a ne.

A wata damina na kai ziyara wani ƙauye cikin watan Agusta. Na tarar da mata zaune a ƙofar sito da kwanukansu. Da aka buɗe, buhu huɗu kawai muka gani a jingine. Na tambayi ma'aji, ya ce mini, "Malam, ai muna da kuɗi, suna banki." Gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya ci ko kwabo, littafinsu ma tsaf yake. Amma kafin kwamiti ya zauna, a ciro kuɗi, a jira ranar kasuwa, a sami mota, kusan mako uku ya wuce. Cikin waɗannan kwanaki wata gwauruwa mai marayu ta sayar da akuyarta ɗaya tilo. Wani magidanci kuma ya ci bashin buhu ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, wato ainihin abin da aka kafa bankin hatsi don a hana. Laifin kwamitin nan guda ɗaya ne: ba su da wata alama da za ta gaya musu lokacin saye ya yi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

A Farawa sura 41 Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi, domin shekaru bakwai na yunwa da ke tafe. Mu lura da yadda ya yi aikin. Ya san tsawon lokacin da hatsin zai ciyar da mutane tun kafin ya fara tarawa. Bai zuba kome a wuri ɗaya ba, kowane birni ya ajiye hatsin gonakin da ke kewaye da shi. Aya ta 49 ta nuna yana ƙididdiga har sai da hatsin ya fi ƙarfin lissafi. Namu bai kai na Masar ba, saboda haka ba mu da hujjar daina ƙirga.

Misalin 'yan mata goma a Matiyu 25 kuwa, Ubangiji ya ba da shi ne domin mu zauna a shirye don komowarsa. Duk da haka akwai abin da mai kula da sito zai ɗauka a ciki. Dukansu goma suna da fitilu. Biyar sun riƙe mai na ko-ta-kwana, biyar ba su riƙe ba. Ango ya yi jinkiri. Da tsakar dare marasa man suka tafi saye, kafin su dawo an rufe ƙofa. Tafiya saye tana cin lokaci, wanda muke jira kuma yakan makara.

Mataki na 1: Ku san abin da ke ciki

Kowane irin hatsi ya kasance da katinsa: masara dabam, dawa dabam, gero dabam, wake dabam. In babu kati, shafin littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. A ja layi biyar: kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita, abin da ya rage, sa hannu. A rubuta nan take, tun mai karɓa yana tsaye. Abin da aka ce "sai an jima" shi ne ake mantawa.

A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa, a bar tazarar kamu guda ko fiye tsakaninsu da bango. A jera su layi-layi daidai, misali biyar-biyar, yadda duk wanda ya leƙo zai iya ƙirgawa da ido. Sau ɗaya a wata mutum uku su ƙirga buhu ɗaya bayan ɗaya: mai kula da sito, dattijo ɗaya, da wakiliyar zumuntar mata. Su gwada abin da suka gani da abin da ke kati. In an sami bambanci, a bi sawunsa a ranar.

Buhun da ƙwari suka cinye ko ruwa ya taɓa, a fitar da shi daga lissafi. Kati yana iya cewa buhu 40, amma in 6 sun zama gari, abin da za ku ciyar da mutane da shi 34 ne.

Mataki na 2: Ku san abin da ke fita a mako

Ku duba katin makonni huɗu da suka wuce, ku haɗa abin da ya fita, ku raba gida huɗu. Wannan shi ne cin mako. A ce gidaje 60 ne ke awo a bankinku, kowane gida yana ɗaukar tiya 4 a mako. Tiya 240 ke nan. In buhunku yana cin tiya 40, cin makonku buhu 6 ne. Ku auna buhunku da tiyarku, domin cikon buhu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Cin mako ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga kaka zuwa tsakiyar rani yawancin gidaje suna cin na rumbunsu, sito ba ya motsi sosai. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, ana aikin gona, sabon amfani bai nuna ba. A lokacin ne layi yake tsawo. Don haka kada ku yi lissafin Yuli da cin makon Fabrairu. Katin bara shi zai gaya muku abin da za ku sa rai bana. Kada a jefar da tsohon kati.

Mataki na 3: Ku san kwanakin jira

Kwanakin jira su ne daga ranar da mai kula da sito ya ce "a sayo" zuwa ranar da aka fara auna wa mutane sabon hatsin. Nan ne kwamitoci da yawa suke ruɗin kansu. Sukan ce, "Ɗandume ai ga ta nan, da safe mu je, da yamma mu dawo." Amma ku ƙirga da gaskiya:

Jiran zaman kwamiti bayan sujadar Lahadi: har kwana 7.
Masu sa hannu su je banki a Funtuwa ko Malumfashi su ciro kuɗi: kwana 3.
Jiran ranar kasuwa: kwana 4.
Samun a-kori-kura da kawo kaya: kwana 3.
Shanya, sheƙa da sake awo: kwana 4.

Jimla kwana 21, wato mako 3. Wannan misali ne, naku yana iya fi ko ya gaza. Ku tuna da saye uku na ƙarshe da kuka yi, ku ɗauki wanda ya fi daɗewa.

Mataki na 4: Ku ware na ko-ta-kwana

Na ko-ta-kwana shi ne hatsin da ake riƙewa saboda ranar da abubuwa suka ƙi tafiya yadda aka shirya. Mu mutanen kudancin Katsina ba sai an ba mu labari ba. A ƙarshen Agusta 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Funtuwa. Watanni aka yi ba a iya kiran dillali a ji farashi, ba a iya tura kuɗi ta waya. A farkon 2023 kuma canjin takardun naira ya sa mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya riƙe su a hannu, mai hatsi a kasuwar ƙauye kuwa kuɗi hannu yake so. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi cikin 'yan kwanaki. Ban da waɗannan, ga marka da ke yanke hanyoyin ƙauye, ga baƙin da kan iso cikin dare ɗaya bayan an kai wa ƙauyensu hari.

Duk wanda ya kasance da ajiya a irin waɗannan lokuta ya ci gaba da awo. Shawararmu ita ce, ƙauyen da ke bakin kwalta ya riƙe na mako 2. Ƙauyen da ke kusa da daji, ko wanda rafi ke raba shi da kasuwa, ya riƙe na mako 3 ko 4. A misalinmu, mako 2 sau buhu 6 ya ba da buhu 12.

Mataki na 5: Ku sa alamar sake saye

Yanzu sai a haɗa. Cin mako sau makonnin jira, a ƙara na ko-ta-kwana:

Buhu 6 sau mako 3 = buhu 18
Na ko-ta-kwana = buhu 12
Alamar sake saye = buhu 30

Ma'anarsa, ranar da masara ta sauko buhu 30, ranar za a fara shirin saye. Buhu 30 yana da yawa a ido, wani dattijo zai ce, "Wane irin gaggawa ne wannan, ga sito cike?" Ku nuna masa lissafin. Buhu 18 za su ƙare kafin motar ta iso. Sauran 12 su ne tsakaninmu da kunya in motar ta makara.

A rubuta wannan lamba da manyan baƙaƙe a saman kati. A kuma shafa jan fenti a bango daidai inda layin buhu na 30 ya tsaya, domin ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Kwamiti ya amince tun yau cewa in hatsi ya kai jan fenti, mai kula da sito yana da ikon kiran taro a ranar, ba sai Lahadi ba. Wannan kaɗai zai rage kwanakin jira da kusan mako guda.

Da rani lambar takan sauka. In cin mako buhu 2 ne, jira mako 2, ko-ta-kwana mako 2, alamar buhu 8 ce. Ku sake lissafi sau biyu a shekara: bayan kaka, da kuma a watan Mayu kafin ruwa ya zauna.

Nawa za a sayo?

Ku ƙirga makonnin da suka rage kafin sabon amfani ya shigo gida. A ce kun kai jan fenti a tsakiyar Yuli, kuna sa ran sabuwar masara a tsakiyar Satumba, wato mako 9. Mako 9 sau buhu 6 ya ba da 54. A ƙara na ko-ta-kwana 12, ya zama 66. A cire 30 da ke ciki. Abin da za a sayo buhu 36 ne.

In kuɗin da ke hannu na buhu 20 ne kawai, gara a sani tun Yuli. Kwamiti yana da lokacin da zai rage awon kowane gida kaɗan, ya sa gwauraye, marayu, marasa lafiya da masu gudun hijira a gaba, ya bi masu bashi, ya kuma sanar da ikkilisiya a yi baiko na musamman. In an bari sai Agusta, wanda ya riga zuwa shi zai samu, mai ƙarfin kafaɗa kuwa shi yake riga zuwa.

Babban saye da kaka ake yinsa

Sayen damina ciko ne kawai. Babban saye na shekara ana yinsa ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da masara da dawa suka cika kasuwa, farashi yana ƙasa. Kwamitin da ya yi lissafin kaka daidai, wata shekara ba zai ma kai jan fenti ba sai dab da sabon amfani. Ku haɗa dukan abin da ya fita bara, ku ƙara gidajen da suka ƙaru, ku saya gwargwadon haka.

Wannan ba zai yiwu ba sai kuɗi sun dawo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya ci bashin hatsi da damina ya biya da kaka, tun hatsi yana hannunsa. Farashin da kuke sayarwa kuma ya ɗauke kuɗin saye, kuɗin mota, dako, buhuna da abin da ya lalace, ko da yana ƙasa da na kasuwa. Bankin da ya sayar ƙasa da abin da ya kashe, baɗi sitonsa zai ragu, baɗin waccan a rufe shi.

Haɗarin tara abin da ya wuce kima

Wani zai ce, to, mu cika sito har rufi mu huta. Wannan ma yana da nasa haɗari.

Na farko, kuɗin jama'a zai kwanta. Farashi ba kullum yake hawa ba. A 2024 masara ta yi tsada ƙwarai, amma a 2025 farashinta ya faɗi, mutane da yawa da suka ɓoye hatsi don jiran tsada suka yi asara. Bankin hatsi na ikkilisiya ba don jiran tsada aka kafa shi ba. Mu tuna da mai arzikin nan na Luka 12 da ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, don kansa kaɗai.

Na biyu, hatsi yana lalacewa. Ƙwari, ɓera, gara da danshi duk suna da rabo a cikin abin da ya daɗe. Masarar da ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, wani irin fumfunar kuma yana haifar da guba mai suna afilatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 wannan guba ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya, daga masarar da aka ajiye da danshi. Masana sun ce danshin masarar ajiya kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari. In babu na'urar gwaji, ku zuba hatsin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ku rufe, ku girgiza, ku bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a sake shanya. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana hana ƙwari iska har su mutu ba tare da an sa magani ba, muddin hatsin ya bushe, ledojin ba su huje ba, an kuma ɗaure kowace dabam. Kullum a fara fitar da buhun da ya riga shiga. A rubuta watan shigarsa a jikinsa.

Na uku, babban sito a ƙauyen da ke fama da hari yana jan ido. Ku yi irin na Yusufu, kada a zuba kome wuri ɗaya. Inda ya yiwu, a ajiye babban kaso a ikkilisiyar da ke cikin gari, a riƙa kawo na wata ɗaya ko biyu. In kun yi haka, sitonku na ƙauye yana da nasa jan fenti, kwanakin jiransa kuma su ne kwanakin ɗauko kaya daga gari. Yawan abin da ke sito da ranar da mota za ta zo, a bar su tsakanin kwamiti da dattawa har kaya su iso.

Wannan lissafi bai tsaya ga hatsi ba. Masu kula da ɗakin shan magani na ikkilisiya su yi shi ga maganin zazzaɓin cizon sauro kafin damina, su kuma duba ranar da kowane magani zai daina aiki. Masu sayar da taki da iri su yi shi tun Afrilu.

Amana

A 2 Korantiyawa sura 8, da manzo Bulus zai kai gudummawar ikkilisiyoyi ga tsarkaka, bai riƙe ta shi kaɗai ba. An zaɓi 'yan'uwa su tafi tare, domin kada kowa ya sami abin zargi. Mu ma a sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, mabuɗan a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba. Masu zuwa saye su kasance aƙalla biyu, su dawo da rasit ko takardar da suka rubuta farashi, kuɗin dillali da na mota. Bayan kowane wata uku a karanta wa membobi rahoton kuɗi. Wannan kariya ce ga ma'aji da mai kula da sito kansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna zuwa awo a wasu bankunanmu. Tiyar da muka auna wa ɗan'uwa ita za mu auna musu, cika ɗaya, farashi ɗaya. Sito da ake samu a buɗe cikin Agusta shaida ce a gari.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A damina ta ƙarshe, hatsi ya ƙare a sitonmu? In ya ƙare, kwana nawa aka yi babu, su wa suka fi shan wahala?
2. Buhu nawa ke fita a mako da rani, nawa da damina?
3. Sayenmu na ƙarshe ya ɗauki kwana nawa daga magana zuwa awo? Wane mataki za mu iya gajartawa?
4. Bisa ga hanyarmu da halin tsaron yankinmu, na mako nawa ya kamata mu riƙe don ko-ta-kwana?
5. Mutum nawa ne ba su biya bashin bara ba, yaya za mu bi su cikin ƙauna da gaskiya?

Aikin yi

Kafin Lahadi mai zuwa, kwamiti ya ƙirga buhunan da ke sito, ya fitar da cin mako da kwanakin jira, ya rubuta alamar sake saye a kati, ya shafa jan fenti a bango. Idan mun zo zagaye za mu duba lissafin tare da ku.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ne mai ba da ruwa da amfanin gona. Ka ba kwamitocinmu hikima irin ta bawanka Yusufu. Ka sa mu zama amintattu a kan abin da 'yan'uwa suka danƙa mana. Ka tsare hanyoyinmu da gonakinmu, ka ba ƙasarmu salama, kada gwauruwa ko maraya ya zo ƙofar sito ya koma da kwano wayam. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.